Shirun Laust a Goshin Jirgi

Garinmu ba shi da tashar jiragen ruwa. A nan gaɓar yammacin Jutland, a ƙasar Denmark, jirgin masunci a kan rairayi yake kwana, da safe tarakta ta tura shi cikin teku, da rana ta jawo shi waje. Tsakanin rairayin da ruwa mai zurfi akwai tudun yashi uku kwance a ƙarƙashin ruwa, ɗaya bayan ɗaya, kuma a kansu ne raƙuman ruwa ke tashi su fashe. Duk mai neman abinci a teku sai ya ratsa su a fita, ya ratsa su a dawowa.

Babu wanda ya fi Laust Bjerre iya ratsa su, kuma babu wanda ya kai shi faɗa wa mutane haka. Dogon tsoho ne mai jar fuska da farin gemu, bakinsa ba ya hutu. Yakan gyara wa mai ƙulla raga ƙullinsa, ya gyara wa direban tarakta tuƙinsa, ranar Lahadi ma idan ana waƙa a coci sai ya waiwaya ya harari wanda ya saki layi. Abin haushin shi ne yawanci da gaskiyarsa.

Sai kafaɗarsa ta dama ta ƙi aiki. Ya daure mata iya dauriya, ya shafa duk man da aka kwatanta masa, har ranar da hannun inji ya kuɓuce masa a ruwa mai kwanciya, a gaban 'yarsa. Likita ya ce ya haƙura da tuƙi. Laust ya faɗa wa likitan abin da yake tunani game da karatunsa, amma da ya koma gida ya san maganar ta ƙare.

Ba kafaɗar ce ta hana shi barci ba, gurbin jirginsa ne. Wuri kaɗan ne rairayinmu yake da taurin da zai ɗauki tarakta, saboda haka guraben ajiye jirgi ƙalilan ne, kuma a na Laust ubansa ya ajiye jirgi, a nan kakansa ya ajiye. Al'adar ƙungiyar masuntanmu ita ce, idan mai jirgi ya sauka gurbinsa ya koma ga mai jiran layi, sai fa in wani daga gidansa ya nuna ya iya. Nunawar iri ɗaya ce tun ana tuƙi da filafili. A ranar da teku ke fashewa a kan tudun nan uku, sabon matuƙi zai fitar da jirgi ya dawo da shi da kifi, tsohon kuma ya zauna a goshi yana fuskantarsa, hannaye a kan gwiwa, baki a rufe. Dattawa na kan jigawa da madubin hangen nesa. In tsohon ya furta ko kalma ɗaya a cikin tudun, ko ya yi nuni da yatsa, gwajin ya rushe, gurbi ya tafi. Akwai kuwa wani mutum da ya riga ya sayi sabon jirgi yana jira.

Laust ba shi da kowa sai 'yarsa Ragna, mace mai 'ya'ya biyu da ta haura arba'in, wadda ta gaji shirun mahaifiyarta. Tun rasuwar uwar take fita tare da shi. Ita ke jan raga, ita ke feɗe kifi, in inji ya yi gardama ita ke kwance shi. Amma duk ranar da aka tunkari tudun ta miƙa hannu, sai ya ce ba yau ba, ruwan yau ba na koyo ba ne. Da ta je ta shaida wa ƙungiya za ta gwada, mutane ba su yi shakkarta sosai ba. Bakin ubanta suka yi wa dariya.

Ranar ta zo bayan iskar arewa maso yamma ta kwana biyu tana duka sannan ta lafa, ta bar teku yana huci. Da gari ya waye kumfa ta yi fari fat a layi uku. Laust ya sauko rairayi da rigar ruwansa, ya tarar da rabin gari sun riga shi, wasu har da butar kofi. Kresten, shugaban ƙungiya, wanda suka taso tare suna musu tun suna yara, ya tare shi da allurar ɗinkin raga a hannu.

"Kawo bakin nan in ɗinke maka, tsoho. Taimako ne, ba na karɓar komai."

"Ka fara ɗinke ragarka, da ko kare zai wuce ta cikinta," in ji Laust.

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya dubi Ragna, tana tsaye gefen jirgi tana cin baƙin burodi da busasshen kifi, idonta a kan ruwa. Ya so ya faɗa mata cewa tudun tsakiya ya matsa kudu tun hadarin kaka, sai ya tuna ita ce ta fara nuna masa. Ya hau ya zauna a goshi, wurin da bai zauna ba tun yana saurayi, ya ɗora hannaye a gwiwa.

Ejnar direban tarakta ya tura amalanken ƙarfen da jirgi ke kai da baya-baya, har ruwa ya rufe tayoyin. Suka tsaya nan suna jira, kumfa na dukan ƙasan jirgi. Laust ya ga sarari tsakanin raƙuman ruwa irin wanda shi zai ɗauka, ya ji kalmar ta taso masa har maƙogwaro, kafin ya haɗiye ta Ragna ta ɗaga hannu. Ejnar ya ƙara yin baya da gudu, ya taka burki da ƙarfi, jirgi ya sulale ruwa. Ta sauke inji, ta ja igiya, ya yi tari ya mutu. Ta sake ja ba tare da ta ko kalli ubanta ba, inji ya kama.

Ta tunkari raƙumin farko gaba da gaba. Ta ba inji wuta a hawa, daidai ƙoli ta sassauta don kada jirgi ya yi tsalle ya faɗo da ciki. Haka ta yi a tudu na biyu. A na uku raƙumin ya riga su karyewa, ruwan sanyi ya sauko wa Laust a ƙeya, ya bi ta wuyan riga har gadon baya. Shekara da shekaru yana ganin wannan ruwan na sauka a kan Ragna, bai taɓa tambayar kansa ko yaya yake ba. Ya rufe baki ya sha abinsa.

A bayan tudun, inda teku ke tashi yana sauka ba tare da fashewa ba, al'ada ta yarda tsoho ya yi magana. Suka kai inda suka shimfiɗa raga, ta shiga ja, shi yana cire kifi da hannun hagu. Kifi ya samu, akwatuna suka cika, jirgi ya zauna da nauyi. Ruwa kuma ya fara janyewa, wanda ke nufin tudun za su fi muni a dawowa. Laust ya tattara duk abin da ya sani, ya gyara murya, ya fara cewa idan sun kai tudun waje.

"Baba," in ji Ragna, ba ta daina naɗe igiya ba. "In ka faɗa min yanzu, kai ka sauke jirgin nan. Su ba za su sani ba, amma ni zan sani."

Ya ji haushi ƙwarai, ya kuma ji kunya. Ya ce to, ai shi kan kifi zai yi magana.

Dawowa ta fi fita wuya, kowa ya san haka. A fita kana ganin abin da ke zuwa maka, a dawowa kuwa a bayanka yake. Dole ka zaɓi raƙumi ɗaya ka hau bayansa ka bi shi har gaɓa. In ka wuce shi ka faɗa gabansa, zai juya jirgin gefe ya kifar. In ka yi sanyi, na baya ya cim maka ya cika jirgin da ruwa. Ragna ta tsaya dab da tudun waje, inji na ƙara a hankali, rabin jikinta a juye tana kallon teku. Laust yana fuskantarta, saboda haka duk abin da ke tahowa a bayanta yana ganinsa sarai.

Manyan raƙuma suka wuce ta ƙarƙashinsu, sai wani madaidaici ya taho, mai sarari a bayansa. Irinsa Laust ke zaɓa duk rayuwarsa. Yatsunsa suka motsa a kan gwiwa, ya danne su. Ragna ta kalli raƙumin, ta bar shi ya wuce.

Tsoro ya kama shi, na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba yana riƙe da hannun inji. Ba gurbi kaɗai yake tunani ba yanzu, yana tunanin jikokinsa biyu da ke tsaye a rairayi. Ya ce a ransa gara gurbi ya tafi. Sai kuma ya dubi fuskarta. Ba fuskar mai ruɗewa ba ce. Haka take kallon inji idan ta san inda ciwonsa yake.

Wani ƙato ya taso, wanda ya fi duk waɗanda suka gani a ranar. Ya ɗaga su sama har Laust ya hango rufin coci ta gefen ido, sannan raƙumin ya wuce. Kafin jirgi ya gama sauka Ragna ta murɗa wuta, ta manne a bayansa, kusa da shi fiye da yadda Laust ya taɓa yarda ya matsa. Suka haye tudun waje a cikin kumfarsa.

A tudun tsakiya ƙaton ya ci karo da yashi ya rage gudu, na bayansu kuma ya miƙe tsaye, kore, bakinsa ya fara lanƙwasowa. Laust na kallonsa ta saman kan 'yarsa. Duk jikinsa cewa yake a ƙara wuta, a gudu. Bakinsa ya buɗe da kansa, sai ya sunkuya ya cafki wuyan rigar ruwansa da haƙora ya cije. Ragna ta waiga sau ɗaya, ta dubi gaba, ta rage wuta.

Jirgi ya yi kamar ya tsaya. Ƙaton da ke gabansu ya karye da ƙara, ya bar rami inda da sun faɗa da sun ƙara gudu ko kaɗan. Na baya ya fashe a gefen inji, ya watso musu ruwa har idon sawu, ƙarfinsa ya ƙare a nan. Sai a lokacin ta buɗe wuta duka. Suka keta tudu na ƙarshe, rairayi ya taho musu da gudu, ta kashe inji ta ɗago shi da hannu ɗaya, jirgi ya hau yashi ya zarce ya tsaya cik. Mutane suka ruga cikin ruwa suka riƙe gefunansa, Ejnar ya maƙala ƙugiya ya ja shi tudu.

Laust ya sauko da ƙyar. Kresten ya gangaro daga jigawa da sauran dattawa, bai yi sauri ba, don ya ja masa rai. Ya ce sun zuba wa bakinsa ido tun daga fita, ba su ga magana ba, sai dai sun ga ya ci rabin rigarsa, kuma al'ada ba ta hana mutum cin rigarsa ba. Sannan ya cire safar hannu ya miƙa wa Ragna hannu, ya ce gurbin nata ne. Dattawan suka bi layi suna gaisawa da ita. Ejnar ya leƙo daga kan tarakta, ya tsallake Laust da ido, ya tambaye ta da yaushe za ta fita gobe.

Da mutane suka ɗan ja baya, Ragna ta zo inda yake tsaye.

"To, Baba, an buɗe maka baki. Faɗi abin da na ɓata."

Alfahari ya cika masa ƙirji.

"A tudun tsakiya," ya ce, "ni da ƙara wuta zan yi. Da yanzu ana neman mu a ruwa."

"Na gani a fuskarka," in ji ta. Ta gyara masa wuyan rigar da ya yage, ta juya ta shiga sauke akwatuna.

Laust bai tsaya taya ta ba. Ya haura cikin gari da jiƙaƙƙun kaya, ya tare mai burodi a ƙofar shago, ya tare matar fasto a kan kekenta, ya shiga ɗakin gyaran raga ya ba waɗanda suka gani da idonsu labari. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba, wasu sun ji sau biyu, kuma duk lokacin da ya faɗa, raƙumin sai ya ƙara tsawo. Wuri ɗaya ne ba ya canzawa. Idan ya zo tudun tsakiya sai ya tsaya, ya dafa ƙirji, ya ɗaga murya don na nesa su ji cewa shi, Laust Bjerre, da shi ke tuƙi da ya kifar da jirgin, 'yarsa ce ta kawo shi gida.