Ƙafar da ke Cikin Kwali

Takardar ta fito daga injin fakis na masaukinsu a Sanyuanli, unguwar fatake a ƙasar Sin, da ɗuminta, kamar an kwaso waina. Ma'azu mai aika kaya ne ya karanta, don shi ne mai Turanci.

"An kori ƙara," ya ce.

Rekiya ta ɗora hannu a ka. "Shi ke nan, Baban Saffana! Sun mai da kai maƙaryaci!"

Mijinta Dogara ya dubi takardar. Sandarsa kawai yake shafawa.

* * *

To, shi Dogara a yaƙin Laberiya ya baro ƙafarsa ta hagu. Da aka sallame shi daga soja, aka yanka masa kuɗin rauni da ko cefane ba ya yi, ya ɗaukaka ƙara. Shekara bakwai ke nan. Duk sanda kwamiti ya kira, sai ya bar sarin takalma ya koma gida, ya naɗe wando a gaban 'yan kwamitin, yaran da a haife ya haife su, su leƙa dungulmin, su ce ya sake dawowa. Kai ka ce jira suke ta tsiro.

Bara Rekiya ta sa wani maƙerin Sin ya auna shi, ya yi masa ƙafar roba mai lanƙwasa a gwiwa. Sai wani ɗan kanzagi a bakin ofis ya raɗa masa: "Kofur, kada a gan ka kana tafiya daidai. Fatake baki gare su. In kwamiti ya ji, ka faɗi."

Tun ranar ƙafar ke cikin kwali a ƙarƙashin gado, shi kuwa yana hawan bene biyar da sanda, hammatarsa duk kanta.

* * *

"Hajiya, sauke hannunki," in ji Ma'azu. "Kafin fatauci magatakardar kotu na yi. Ba su ce ya yi ƙarya ba, ba su ce ya yi gaskiya ba. Shi ya rubuta ya janye, su kuma suka rufe fayil. Ɗan abin da ake ba shi yana nan. Ƙari ne dai babu."

Rekiya ta juyo a hankali. "Kai ka janye? Ban sani ba?"

"Da kin sani, kafin la'asar Kantin Kwari ya ji."

"Ji min mutum!"

"Malam Ma'azu, ba za su sake kira na ba?"

"Har abada, Kofur."

Dogara ya sauke wani numfashi da ya daɗe a ƙirjinsa. "Rekiya, jawo min kwalin nan."

Ta jawo tana mita tana share ido da gefen mayafi. Ya ɗaura ƙafar, ya miƙe. Taku ɗaya, biyu, har bakin taga. Matar mai masauki ta leƙo da tsintsiya, ta ɗaga masa babban yatsa.

"A'a," Ma'azu ya ƙura wa takardar ido. "Nan ƙafar dama suka rubuta."

Dogara ya dubi ƙafarsa ta dama, lafiyayya, da silifa. Ya yi ɗan murmushi. Bakin robar na gogar fatarsa, don haka ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu, ya cusa a wurin.

Ƙafar ta zauna daram.