Gida Huɗu Kafin Giwa

Tun damina, watan da soja suka miƙa wa farar hula mulki, Shamsiyya take shirin zuwa Yankari. Wata malamarsu ta jami'a ce ta ce mata ta bari sai rani, lokacin da ciyawa ta bushe, namun daji suke gangarowa bakin kogi. Ta kuwa bari. Yanzu ga rani ya yi, yayanta Mikail ya samu hutun kwana uku, ya aro mota, ita kuma ta aro kyamara. Ko tuwo take tuƙawa sai ta ji murmushi ya suɓuce mata. Giwa, da idonta!

Saura izinin Baffa, wan mahaifinsu. Suka same shi a zauren gidansu na unguwar Zaitawa bayan la'asar, suka durƙusa.

"Wajen wa za ku?" in ji Baffa.

"Wajen namun daji, Baffa," Mikail ya amsa.

"Giwar ce za ta ba ku ruwan alwala?" Ya yi dariya har da tari. "To, ku je, Allah ya tsare. Amma ba a wuce ƙofar dangi."

Ya shiga lanƙwasa yatsu: Gwaggo Indo a Wudil, Malam Ɗanjuma a Birnin Kudu, gidan Asibi a Ningi, sai wani amininsa a Bauchi.

 Shamsiyya ta san Gwaggo Indo, ba ta sakin baƙo sai an kamo kaza, an fige, an dafa, ya ci ya ƙara. Sauran ma haka suke. Gida huɗu, kwana ukun sun ƙare, ko sawun giwa ba su gani ba.

"To, Baffa," in ji Mikail, murya a sanyaye, har ya fara neman takalminsa.

Shamsiyya ba ta taɓa wuce gaisuwa a gaban Baffa ba. Ta ƙura wa tabarma ido, tana murza bakin mayafinta.

"Baffa, in mun tsaya a tafiya, ba abin da za mu ce musu sai ya gida, ya yara. In a dawowa ne kuwa, da labari za mu shiga."

Baffa ya sauke tabarau ya dube ta.

"Ikon Allah! Yau Shamsiyya ce da baki?" Ya shafa gemu. "Indo kam akwai son labari, ko na ɓera ne. To, a dawowa. Amma ku kai mata cikinku babu komai."

Suna shiga soro Shamsiyya ta daka tsalle, mayafi ya zame.

"Ke, ni fa Litinin ina ofis," in ji Mikail.

"Yaya, wannan kuma tsakaninka da Gwaggo!"

Ta ruga cikin gida neman jaka.