Ranar da Aka Share Kurmin Bayan Coci

A ƙauyen su Verlene Pettiford, can jihar Jojiya ta Amurka, akwai kurmi a bayan coci. Nan aka binne waɗanda fararen fata suka kashe a shekarar da suka ƙone unguwar baƙaƙe. Ba a kafa wa kowa dutse ba, don an san za a zo a tumɓuke. Abin da mamaci ya taɓa na ƙarshe shi ake fasawa a aza masa a kan kabari: kofi, fitila, kwalbar magani. Na kakan Verlene shuɗin kwano ne. Uwarta, wadda ta tsira tana ƙarama don ta ɓuya cikin ciyawar rafi, ita ta nuna mata shi, ta ce, "In na mutu, a kwantar da ni gefen kwanon nan." Ba a samu izini ba, don kurmin ba ya hannunsu. Shi ya sa da uwar ta rasu aka ƙona gawarta, Verlene ta riƙe tokar a gida cikin tulu, tana jira.

Bana ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta ci shari'a, kurmin ya dawo hannun zuriya. Shugaban ƙungiyar, Thaddeus Broadnax, lauya, shi ma jikan waɗanda suka tsira ne, amma a birni ya tashi.

Da safe Verlene ta rungumo tulun tokar, ta dogara sandarta ta nufi kurmin. Tun daga nesa ta hango wurin ya canza. Fili fes, an sassabe, an share, an jera kujeru.

Thaddeus ya taho da fara'a. "Inna Verlene! Kin ga aiki? Gobe 'yan jarida za su zo, ba za a ce mun bar kakanninmu cikin bola ba."

"Wace bola?"

"Kwalabe, fasassun kwanoni. Mota guda muka kwashe."

"Kai, ɗan Luella, da kakarka na raye da ta ci maka mutunci a gaban kujerun nan naka. Ina kuka kai su?"

"Jujin gunduma. Tun shekaranjiya." Ya dube ta. "Inna, mene ne?"

"Sunayen mutane ne ka kwashe, mai digiri. Har da na kakan uwarka. Fitila ce tasa."

Ya cire hularsa. Garin gyaran gira an rasa ido. Abin da maƙiya ba su yi ba da wuta, ɗan gida ya yi da tsintsiya, kuma da kyakkyawar niyya.

"Zan sa a tono jujin," ya ce. "Zan nemo su."

"Ka nemo, ka aza su a kan wa?"

Ta shiga filin tana dube-dube. Da can kwanon take bi, ba ta taɓa lura da bishiyoyi ba. Ta tsaya nan, ta matsa can, ƙasa duk iri ɗaya. Thaddeus na biye da ita, hula a hannu.

Da rana ta take, ta gyara riƙon tulun a ƙirjinta.

"Taho, Mama," ta ce a hankali. "Mu koma gida."