Gonar Baba Sati Ta Yi Ƙafa

Shekara da shekaru Agatha na hawa babur daga Kontagora zuwa ƙauyensu na wajen Rijau, ta haye dutse, ta kafa kyamara a tsagar da ta saba, ta ɗauki gonar babanta Sati da burtalin shanu da ke gefenta. So take ta haɗa hotunan su zama bidiyo, a ga yadda ƙasa ke sauyawa. Sati kuwa tuni ya yanke hukunci: mai hankali ba ya ɗaukar hoton daji, tunda daji ba ya biki.

Sai rigima ta tashi tsakaninsa da Hussaini, makiyayin rugar bayan rafi. Sati ya rantse burtali ya ci masa gona, Hussaini ya ce gonar ce ta tare hanya. Mai gari ya ce kowa ya kawo shaida, wanda ya rasa ya bar wurin. Nan take aikin banzan Agatha ya zama ilimi. Sati ya dira shagon Agatha har da tsarabar gyaɗa, yana ta "'yata mai kwamfuta".

Ta jera hotunan, ta daidaita kowanne da wani tsauni na nesa don kada su yi rawa, ta gyara haske, ta zubar da waɗanda ruwa ya ɓata. Ta kunna.

Ikon Allah, ashe gonar Baba ƙafa gare ta. Kowace damina sai ta ƙara kunya ɗaya cikin burtali, a hankali, ba ko sallama. Shanu bayin Allah suka yi ta tsukewa har suka koma bin layi. Kunya ta kama Agatha, ta so a ce ƙarya ne.

"Injin naki ba shi da lafiya," in ji Sati.

"Lafiyarsa lau, Baba."

Ya sosa ƙeya. "Yana tafiya da baya?"

"Yana yi."

"To, haka za ki nuna wa mai gari. A ga burtali na cin gona."

Don haushi ta danna masa. Burtali ya fara buɗewa, Sati na gyaɗa kai kamar alƙali. Ɗorawar da ya sare ya yi gawayi ta miƙe tsaye abinta. Wannan bai yi masa daɗi ba, amma ya daure. Sai hotunan farko suka iso: ga mace da fartanya a kafaɗa, tsaye a bakin gona, can nesa da iyakar yau. Fure ce, uwar Agatha, wadda ta daɗe da rasuwa. Bidiyon ya ƙare a kanta.

Sati ya matso kusa da allon.

"A nan take tsayawa," ya ce a hankali. "Ta ce in na ƙara kunya ɗaya, ba za ta ci tuwon ba."

"Baba, gaba zan nuna ko baya?"

Bai ɗauke ido daga allon ba.

"Bar shi a nan tukuna."