Bututun Bajamushe

Inuwa na cikin miƙe bututu na uku Laouali ya tsaya a kansa, hannu a ƙugu, tumbi a gaba. Laouali ne shugaban ma'aikata a warshar nan ta Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad, mutumin Maraɗi, wanda tun da ya iya cewa "yalla, yalla" irin na Larabawa ya ɗauki kansa injiniya.

"Kai, ba ka da ido? Dubi tsaga a gindin kowanne. Yoyo za su yi. Liƙe su da dalma, duka sittin da ɗayan."

Inuwa ya dubi bututun. Wani tsohon Bajamushe ne ya kawo su jiya, lotsattsu daga kwantena, da takarda mai awon kowanne: tsawo, faɗi, kauri. Na wani abin kiɗan coci ne da iska ke busawa, ana ce masa ogan. Cocin garinsu aka rufe, tsohon ya sayi abin kiɗan zai sake haɗawa a falonsa. Inuwa ya san abin sarai. Yana yaro a Wusasa ya sha riƙe wa babansa kafinta fitila a cikin irinsa.

"Usta," in ji Inuwa, don haka ake kiran shugaban ma'aikata a nan, "wannan tsagar baki ce. Ta nan sautin ke fita."

"Sauti! Shekara goma sha tara ina aikin bututun AC a Riyad, ɗan Najeriya zai koya mini rami? Ina ka san kayan coci, ko can kake sallah?"

Warsha ta kwashe da dariya. Iƙamar Inuwa, takardar izinin zamansa a ƙasar, saura kwana goma sha biyu, kuma mudir, manajan warshar, ba ya sabunta ta kowa sai Laouali ya gyaɗa kai. Takardar awon ma tana nan kan benci, gwanin ya ɗora mata kofin shayi.

"Tamam, Usta."

Ya liƙe su. Haushi kamar ya kashe shi, amma hannu ya saba, aikin ya fita sumul, ko layi ba ka gani. Laouali sai yawo yake yana ɗaukar hoto, wai zai tura wa mudir.

Bayan la'asar Bajamushen ya iso, mudir na biye da shi yana washe baki. Tsohon ya ɗauki ƙaramin bututu, ya share shi da hankici kamar jariri, ya kai baki ya busa. Shiru. Ya sake busawa har wuyansa ya yi ja. Sannan ya juya shi ya ga dalmar, ya lalubi kujera ya zauna.

"Min sawwa haza?" mudir ya daka tsawa. Wa ya yi wannan?

Laouali ya zura wayarsa a aljihu. Ya dafa kafaɗar Inuwa, murya a sanyaye.

"Wallahi, ya mudir, sai da na ce masa ya karanta takardar."