Jakin da Ya San Hanyar Lengana

"Saja, gaya wa ubangidanka ƙofar garkensa a buɗe take," in ji Mantoa, tana shanya yankakkiyar kabewa a kan katangar dutse.

Jakin ya kaɗa kunne. Ta dakata tana jiran amsa, don amsa ba ta taɓa yankewa ba. Shekara shida ke nan ita da maƙwabcinta Ntate Sekoala ba su yi wa juna magana kai tsaye ba, tun ranar da awakinsa suka cinye mata shanyar kabewa kaf, ta wanke shi tas a gaban jama'a. Daga nan in tana da magana sai ta faɗa wa jakinsa, shi kuma ya mayar mata ta hannun kazarta. Mutanen ƙauye har sun gaji da yi musu dariya.

Yau shiru. Ta leƙa ta kan katanga, ta gan shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, akumarin jaki a cinyarsa, bargonsa ya zame. Ba ta san lokacin da ta tsallaka ba.

"Ntate! Me ya same ka?"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Ashe kin san sunana."

Ta kira mijinta Tefo suka ɗauke shi zuwa ɗaki, Tefo na tsayawa yana haki kowane taku uku. Shekara ashirin da biyu ya yi a ramin zinariya can ƙetaren iyaka, ya dawo da ƙurar dutse cike da ƙirji. Yana shan ƙwayoyin asibiti, amma idan sanyi ya sauko daga duwatsu, abin da ke ba shi damar kwanciya ya yi barci shi ne suracen lengana, ganyen nan mai ɗaci. Wanda ke kusa da ƙauye kuwa masu kai wa birni sun tumbuke shi har saiwa. Sekoala kaɗai ya san inda ya rage, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba. Kowace shekara ƙarshen Mayu, farkon hunturu a wannan ƙasa ta duwatsu, kafin ƙanƙarar dare ta ƙone ganyen, sai Mantoa ta wayi gari ta tarar da dami huɗu a kan katanga. Ta kwashe ta rataye, ta ce wa mijinta, "Iska ta kawo mana." Godiya dai ba ta taɓa fita daga bakinta ba.

Malamar asibiti ta hawo ƙauyen da yamma, ta auna shi, ta ce zuciya ce ta gaji. Ta so a sauke shi asibitin gari.

"'Yar nan, a ɗakin nan aka binne cibiyata," in ji shi. "Ki bar ni."

Kwana biyu Mantoa na kai masa kunun dawa. Ta share ɗakin, ta hura masa wuta da busasshen kashin shanu. Ɗaki ne na mutumin da ya gama shirin hunturu: masara a rataye, wake cike da tukunya, makamashi a jere har rufi. Ƙusa huɗu ne kawai a bango babu komai a jikinsu. Ta san na rataye damin lengana ne, kuma duk lokacin da ta kalle su sai ta ji tarin Tefo daga ƙetaren katanga. Ta buɗe baki za ta tambayi inda lengana yake ya fi sau goma, girman kai ya rufe mata shi. Da wane ido za ta roƙi mutumin da ta kira ɓarawon kabewa?

Safiya ta uku ya ture ƙoƙon kunun.

"Mantoa, kunun nan babu gishiri babu sukari. Ramuwa kike yi?"

"Sha ka bar surutu."

"Kin duba sama? Ko ɗigon gajimare babu, iska ta kwanta. Gobe za ku tashi ƙasa fara fat da ƙanƙara." Ya numfasa. "Ba za ki tambaye ni ba ke nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina ne, Ntate?"

"Yawwa. Shekara shida nake jiran wannan." Ya yi dariya har ta sarƙe shi. "Ko na kwatanta ba za ki gane ba. Ki hau Saja, ki sakar masa igiya, kada ki ja shi ko'ina. Shekara goma sha ɗaya yana zuwa. In kin isa, ki yanka sama da ƙasa da tafin hannu guda. Kada ki taɓa saiwa. In kin yanki biyu ki bar na uku."

"Na ji."

"Kuma kabewar nan taki, ko awakin ba su ji daɗinta ba."

Ta tashi ta ɗauraye ƙoƙo don kada ya ga idonta. Da ta dawo ya riga ya cika, hannunsa ɗaya a kan bargo, fuskarsa kamar bai gama tsokanar ba.

Kafin rana ta take, mata sun cika tsakar gidan. A ƙauyen, in an yi mutuwa ba a taɓa aikin gona sai an binne. Don haka da suka ga Mantoa tana ɗaura wa Saja akumari, lauje a ɗamara, sai kallo ya koma kanta.

"Mantoa, lafiyarki kuwa?" in ji matar mai gari. "Gawa a ɗaki, ke kina ɗaukar lauje? Gabar taku har yanzu ba ta ƙare ba?"

"Ba gona za ni ba. Aike ne, kuma mai aiken ga shi can kwance. Wadda ke da ja ta shiga ta tambaye shi."

Matan suka ba ta hanya.

Saja ya bi bayan makabarta, ya haye rafi, ya bar hanyar makiyaya ya kutsa wani tsagin dutse da ita da kanta ba za ta ce akuya ma na shiga ba. Sau biyu hannunta ya kai ga igiya, sau biyu ta janye. Sanyi ya fara cizon yatsunta lokacin da jakin ya tsaya cak.

Ƙamshin ne ya fara tarbarta. Wani lungu ne da ke fuskantar rana, ruwa na tsattsafowa daga dutse, lengana ya cika shi har ƙugu. An kewaye shi da katangar duwatsu don kare shi daga dabbobi, dutse bisa dutse, aikin hannun mutum ɗaya na shekara da shekaru. Kowane gindi da tabon tsohon yanka, tafin hannu guda daga ƙasa. Ta tsaya tana kallo, alfahari ya cika mata ƙirji. Wannan mutumin maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba su.

Ta yanki biyu ta bar na uku, har ta haɗa dami biyar.

Washegari ƙauyen ya tashi fari fat, ganyen kabewa duk ya yi baƙi ya kwanta. Dami huɗu na rataye a ɗakinta, na biyar ta kai shi ɗakin mamacin ta sa a ƙusa. Tefo na zaune lulluɓe da bargo a kan tukunyar surace, numfashinsa na shiga yana fita ba gardama.

Ta fito da ɓawon kabewa a kwano. Jakin na tsaye a bakin katanga, hancinsa na fitar da tururi. Ta miƙa masa, ta daɗe tana shafa wuyansa.

"Saja," ta ce a hankali, "gaya wa ubangidanka na gode."

Jakin ya kaɗa kunne, ya ci gaba da tauna.