Farantin da Ya Dawo Wayam

Lesieli ta juya farantin ta duba bayansa, ta sake juyo shi. Wankakke tas, har an goge shi da tsumma, an jingine mata a kan shingen da ya raba gidanta da na Manase, ɗan wanta. Ko ƙwayar inabi ɗaya babu a ciki.

Shekara ashirin da shida tana zaune a ƙasar waje, a Robinvale, garin gonakin inabi, ba a taɓa dawo mata da farantin Lahadi wayam ba. Mutumin Tonga, ƙasarsu ta asali, in ka aika masa da abinci bayan an taso daga coci, ko tukunyarsa a kife take sai ya nemi abin da zai ɗora ya maido maka, ko da dafaffen rogo ne yanka biyu. Balle maza shidan nan da Manase ya ɗauko daga tsibiran Ha'apai na Tonga domin tsinkar inabi, ya sauke su a garejinsa. Waɗannan 'yan ƙauye ne na asali. Makon farko da ta aika musu da naman rago cikin ganyen gwaza da madarar kwakwa, su shida suka rako farantin har ƙofarta, cike da inabi, suna ta sunkuyar da kai har abin ya ba ta dariya.

Ta shiga falo ta nuna wa mijinta Kelepi, wanda ya miƙe ƙafa a gaban fanka, ya ɗage riga ya bar tumbi yana shan iska.

"Faranti ne fa, Lesieli, ba gawa ba," in ji shi. "Kin ciyar da mutane sun ƙoshi, kuma sai kin bi su da awo?"

"Ba su suka dawo da shi ba. Wannan wankin Manase ne. Shi ne ya tashi a nan bai san kunya ba."

Kelepi ya ce to ai shi ke nan, ta huta. Ya ce tun da ta bar aiki a rumfar shirya inabi ta koma mai gadin layi ba albashi, kullum tana shanyar kayan da suka riga suka bushe don ta leƙa gidan mutane. Ya tuna mata cewa Manase magidanci ne mai shekara talatin da biyar, ma'ajin coci, abin da yake yi a garejinsa ba ruwan kowa.

Ba ta musa ba, don zancen shanyar gaskiya ne. A wajen shanyar ta ga an toshe tagar garejin da kwali. A nan ta ƙirga mutum biyar suna shiga motar gona ranar Alhamis, maimakon shida, Jumma'a ma biyar, Asabar ma biyar. Yau kuma ba su zo coci ba, kuma tun safe ba ta ji waƙa daga garejin ba. Maza shida 'yan Ha'apai, ranar Lahadi, a ce ko baiti ɗaya ba su rera ba? Wannan shirun ya fi komai tsaya mata a rai.

Wayarta tana kan tebur. Sifili uku ne kawai za ta danna, lambar kiran gaggawa. Amma ta san abin da sifili ukun nan ke jawowa, ta fi kowa sani a layin nan. Ranar zaman makokin mahaifiyarsu, wani maƙwabci da har yau ba ta san ko wane ne ba ya kira 'yan sanda, wai waƙoƙinsu sun dame shi. Suka zo don hayaniya, suka tafi da wanta Lopeti, saboda takardun zamansa sun ƙare. Cikin mako biyu aka sa shi a jirgi. Ya rasu a Tonga bai sake ganin ɗansa ba. Manase yana da shekara tara a lokacin, ita ta riƙe shi. Tun ranar ta rantse ko gobara ce a gidan maƙwabci gara ta ɗauki bokiti da ta ɗauki waya.

Ta sa wayar a aljihu duk da haka. Ba ta ko kwance tabarmar da 'yan Tonga ke ɗaurawa a ƙugu in za su coci ba, ta fita.

Zafin watan Fabrairu ya dake ta a fuska. Rediyo ya ce zafin yau digiri arba'in da uku ne, ga garejin kuma kwano ne sama da ƙasa. Ta bi ta gefen gidan Manase ba ta yi sallama ba. Ƙofar garejin na rufe, an maƙala mata ƙaton kwaɗo ta waje.

Ta ƙwanƙwasa a hankali, ta faɗi sunanta. Aka ɗan jima, sannan wata murya ta amsa daga jikin ƙofar. Semisi ne, babbansu, mai furfura a gemu. Abin da ya fara yi shi ne ba ta haƙuri a kan farantin. Ya ce ta ƙarƙashin taga Manase ya miƙo musu abincin, ba su da abin da za su ɗora, kunya ta hana su ci da daɗi.

Sauran zancen da ƙyar ta ciro shi daga bakinsa. Gonar da aka rubuta a takardunsu daban, wadda Manase ke kai su daban, don haka takardun sun lalace tun tuni. Fasfo ɗinsu yana wurinsa. Tun da ya ji suna zancen komawa gonar farko ya fara kulle su in an taso daga aiki. Malakai kuwa, ƙaraminsu, ya faɗi a cikin inabi ranar Laraba. Yau tun hantsi ya daina gumi, jikinsa kamar murhu, yana kiran Semisi da sunan matar da ya baro a gida.

Shekarun da Lesieli ta yi a gonakin nan sun koya mata abin da ake nufi in mutum ya daina gumi a irin wannan rana.

"Semisi, ka saurare ni da kyau. In na kira motar asibiti, suka ga kwaɗon nan, 'yan sanda za su biyo baya. Ka san abin da zai biyo bayan 'yan sanda."

Ta ji suna ƙus-ƙus a ciki. Wani yana zancen rufin ɗakinsa da guguwa ta yaye, wani yana zancen 'ya'yansa uku a makaranta. Ba ta ga laifinsu ba ko kaɗan. Kafin su gama ta ji taku a bayanta.

Manase ne, da farar rigar coci, yana goge maiƙo a bakinsa. Ganinta ya sa ya rusuna, don ko a ina ɗan Tonga ya tashi ya san matsayin gwaggonsa. 'Yar'uwar uba tana saman 'ya'yan ɗan'uwanta. In ta shiga gidansu ta nuna abu, ya zama nata, ba tambaya. Lesieli ba ta taɓa amfani da wannan a kan Manase ba, ko cokali ba ta taɓa ɗauka ba.

Ta miƙa masa tafin hannu.

"Makullin nan nake so."

Ya yi dariyar yaƙe. Ya ce Gwaggo ta shigo ciki ta sha sanyi, akwai kankana. Ya ce ya ba yaron magani da safe, zazzaɓi ne kawai, mutanen ƙauye akwai zuzuta ciwo. Hannunta bai sauka ba. Ta ce ya buɗe, ita da Kelepi su kai Malakai asibiti a motarsu, ba jiniya, ba wanda zai ga kwaɗo. Ya ce asibiti za su yi tambaya, tambaya kuma za ta dawo ƙofarsa.

"Gwaggo, ki ɗauki motar, sabuwa ce. Ki ɗauki tabarmin aurena duka. Duk abin da kika nuna a gidan nan naki ne."

"Na nuna."

Ya kalli ƙasa, ya sa hannu a aljihun wando, ya bar shi a ciki. Da ta fito da wayar sai fuskarsa ta koma ta yaron nan ɗan shekara tara da ta riƙe wa hannu a filin jirgi.

"Ke ce za ki kira su? Ke, Gwaggo? Bayan abin da suka yi wa babana?"

Maganar ta soke ta sosai. Tana son yaron nan kamar ita ta haife shi, kuma ta san in ta danna, Lahadi mai zuwa rabin coci ba za su gaishe ta ba. Sai muryar Semisi ta fito ta jikin kwano, ƙasa-ƙasa.

"Inna, ki kira. Mun yarda. Malakai ma 'ya'ya gare shi."

Ta danna. Tana jiran a ɗauka ta hango Kelepi ya zagayo ta bakin shinge, rigar har yanzu a ɗage, hannu ɗaya da bokitin ƙanƙara, ɗaya da ƙarfen ɓamɓare taya. Bai kalle ta ba, ya wuce kai tsaye wajen kwaɗon.

Wata mata ta ɗauka. Lesieli ta faɗi lambar gidan, ta faɗi mutum ya daina gumi, ta faɗi ƙofa a kulle ta waje da mutum shida a ciki. Matar ta ce mota ta taso, a jiƙa shi da ruwa da zarar an kai gare shi. Sannan ta ce ba dole ba ne ta ba da sunanta in tana jin tsoro.

Lesieli ta tuna mutumin da ya kira a kan Lopeti, wanda shekara ashirin da shida take duban fuskokin layin nan tana neman sa. Ta faɗi sunanta cikakke, da ƙarfi, yadda Manase zai ji, ta ƙara da cewa gidanta ne na kusa.

Matar ta tambaye ta ko ta san mai gidan.

"Ni na raine shi," in ji Lesieli.